Wace Shekara Aka Haife Ka? Shawarwari Goma Sha Biyu Ga Masu Gida

Wata rana da marece ɗan ƙanena, wanda ke aji biyar a lakwal, ya kawo mini littafinsa in duba masa aikin tarihi. Mushensu ya yi musu shifta, ya faɗi shekarar da Seyni Kountché ya karɓi mulki: mille neuf cent soixante-quatorze. Yaro ya bi abin da kunnensa ya ji, ya rubuta 1000 900 60 14. Na ce masa, "Kai, wannan shekara taka ai ta fi lambar waya tsawo." Kakarsa tana gefe tana ɓarar gujiya. Ta ce ita ba ta san wata lamba ba, amma shekarar ta san ta sarai, ita ce ta ƙarshen babban fari, lokacin da ake rabon dawar taimako. Su biyun 1974 suke nufi, amma da za a tsayar da su gaban ma'aikaci mai biro a hannu, babu wanda zai sa a rubuta ta daidai.

Mutumin Matamaye da baki huɗu yake faɗin shekara. A gida Hausa, a lakwal da ofis Faransanci, a makarantar malam Larabci, in kuma ya ƙetare Ɗan Barto ya nufi Daura ko Kano, Ingilishi ya tare shi. Kowane harshe da hanyar da yake bi ya ɗauki lamba huɗu, kuma a wajen sauya hanya ne ake ɓata takardar haihuwa, katin likita da takardar jarrabawa. Ga abin da gida zai iya yi tun kafin a je gaban tagar ofis.

1. A fara da Hausa. Tsarinmu miƙaƙƙe ne, daga babba ake gangarowa zuwa ƙarami: dubu, ɗari, gomiya, sannan ɗaiɗai. 1960 ita ce dubu ɗaya da ɗari tara da sittin. 2005 dubu biyu da biyar. 2019 dubu biyu da goma sha tara. Ku zana wa yaro gida huɗu a ƙasa da tsinke, ku ce kowace shekara ɗaki huɗu gare ta, kowane ɗaki lamba ɗaya ke kwana a ciki, ɗakin da ba a ambata ba kuma sifiri ke tsaronsa. Wanda ya gane haka ba zai rubuta dubu biyu da biyar a matsayin 20005 ko 205 ba. Tun da dokar da aka fitar a watan Maris na 2025 ta mai da Hausa harshen ƙasa a Nijar, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki, babu sauran dalilin jin nauyin faɗin shekara da Hausa a gaban kowa.

2. Alif da dubu abu guda ne, ɗaya ya wadatar. Kalmar alif daga Larabci muka aro ta, ma'anarta dubu. Saboda haka "alif ɗari tara da sittin" daidai ne, "dubu ɗaya da ɗari tara da sittin" ma daidai ne. A rediyo kuwa sau da yawa za ku ji an ce "alif dubu ɗaya da ɗari tara", an faɗi dubu sau biyu ke nan. Kunne ya saba, manya sun san abin da ake nufi, amma yaro mai koyo yakan ɗauka alif wata kalma ce da ake buɗe kowace shekara da ita, har ka ji yana cewa "alif dubu biyu da ashirin". A gida ku zaɓi ɗaya ku tsaya a kai. Haka ma salon ragi, irin "ashirin ba ɗaya" ko "ɗari ba biyu", yana da daɗi a hira, amma in ana rubutawa a ce goma sha tara, a ce tasa'in da takwas. Mai rubutu da zarar ya ji "ashirin" ya riga ya ɗora biro.

3. A raba wa yara lissafin kasuwa da lissafin shekara. A kasuwarmu dala ake ƙirgawa, kowace dala kuma sefa biyar ce. In mai rake ya ce ashirin, sefa 100 yake nufi, in ya ce ɗari, 500 ne, jika kuwa 1000. Yaron da aka saba aike kasuwa kansa ya riga ya koyi ninka kowace lamba sau biyar, shi ya sa wani in ka ce masa tamanin sai ya rubuta 400. Ku faɗa masa ƙarara cewa ninkin nan na kuɗi ne kawai. Shekara, shekarun mutum, lambar gida da awon zafin jiki duk yadda aka faɗe su haka ake rubuta su. Kuma shekarar 2000 dubu biyu ce, ba a taɓa kiranta jika biyu.

4. A Faransanci, daga sittin zuwa sama a jira mai magana ya rufe baki. Nan ne tarkon da ya kama ɗan ƙanena. Bafaranshe ba shi da kalma guda ta saba'in, sittin da goma yake cewa, soixante-dix. Saba'in da biyar sittin da sha biyar ce, soixante-quinze. Tamanin ashirin huɗu ce, quatre-vingts, tasa'in kuma ashirin huɗu da goma. In aka zo 1997 sai ka ji mille neuf cent quatre-vingt-dix-sept: huɗu sau ashirin, a ƙara goma, a ƙara bakwai. Ƙa'idar da za ku ba yaro gajeriya ce. In ya ji soixante kada ya rubuta 6 tukuna. Abin da ya biyo baya in daga ɗaya zuwa tara ne, shekarun sittin ake ciki, in daga dix zuwa dix-neuf ne, an shiga saba'in. Haka quatre-vingt yake tsakanin tamanin da tasa'in.

Kada yaro ya ɗauka wannan wani aljanin lissafi ne na Turawa. Kakanninmu a zamanin wuri suna kiran ashirin hauya, hauya huɗu tamanin ke nan, hauya uku da goma saba'in. A Beljiyam da Suwizalan kuma masu Faransanci sun hutar da kansu, suna cewa septante da nonante. Ku kuma sanar da shi cewa shekarun da suka gabaci 2000 ana iya faɗinsu da ɗaruruwa, dix-neuf cent soixante, wato ɗari goma sha tara da sittin, duk 1960 ɗin ce. Shekarun gwaji kuwa ga su a tarihinmu: 1899 da Faransawa suka kama Damagaram, 1926 da aka ɗauke babban birni daga Damagaram zuwa Yamai, 1958 da aka kafa jamhuriya ran 18 ga Disamba, 1991 ta babban taron ƙasa, 1993 da aka zaɓi Mahamane Ousmane. Tsuntsu biyu da dutse ɗaya, ga lamba ga tarihi.

5. Mai zuwa Najeriya ya san Ingilishi tsaga shekara yake yi gida biyu. 1984 a wurinsu goma sha tara ce, sannan tamanin da huɗu: nineteen eighty-four. Babu dubu, babu ɗari. 1905 kuma nineteen oh five, oh ɗin nan sifiri ne. Shekarun farkon wannan ƙarni sun fi zuwa da dubu, two thousand and five, daga 2010 kuma tsagawar ta dawo, twenty ten, twenty twenty-four. Babban haɗarin shi ne kamannin sauti tsakanin sha uku da talatin, sha biyar da hamsin, sha tara da tasa'in. A asibiti mai hayaniya fifteen da fifty ba su da maraba a kunnen baƙo. In kun raka marar lafiya Kano ko Katsina, ku rubuta shekararsa a takarda tun daga gida, ku miƙa. In kuwa an faɗa muku wata, ku maimaita ta lamba ɗaya ɗaya: ɗaya, tara, takwas, huɗu. Matambayi ba ya ɓata.

6. Akwai harsunan da ke fara faɗin ƙaramar lamba kafin babba, a sanar da yara tun da wuri. Ɗan Islamiyya ya san wannan ko bai lura ba. A Larabci ashirin da biyar "biyar da ashirin" ce, khamsa wa ishrun. Wanda ya rubuta yadda ya ji daga hagu zai sa 52 a maimakon 25. Jamusanci ma haka yake har gobe.

Labarin Norwe ya cancanci a ba yara a nan, ko da babu mai niyyar zuwa Oslo. Su ma a da suna cewa en og tyve, ɗaya da ashirin. Da lambobin tarho suka ƙara tsawo, kuskure ya yi yawa wajen masu haɗa waya, sai majalisar ƙasar ta zauna ta juya ƙirgan. Daga 1 ga Yuli 1951 aka koma tjueen, ashirin da ɗaya, kamar yadda Bahaushe ke faɗi. Sama da shekara saba'in ke nan, amma har yau ana jin tsohon salon a bakin mutane, musamman dattawa, mai koyon harshen kuma dole ya iya jin duka biyun. Shekara kuwa tsaga ta suke yi kamar Ingilishi. 1814, shekarar da suka rubuta tsarin mulkinsu ran 17 ga Mayu, atten fjorten ce, sha takwas sha huɗu. 1960 nitten seksti. 2024 ana jin to tusen og tjuefire, ana kuma jin tjue tjuefire. Abin ɗauka a nan biyu ne. Duk wanda zai koyi baƙon harshe, na Norwe ne ko na Turkiyya ko na Sin, ya tambayi yadda ake faɗin shekara daban, domin sau da yawa ba kamar sauran ƙirga ba ne. Na biyu, in majalisa da doka ba su iya cire tsohon ƙirga daga bakin tsofaffin Norwe ba, kada jika ya yi wa kakarsa dariya don ta ce gomiya tara. Ya koyi nata, ya ƙara a kan nasa.

7. Kada a gutsure shekara a gaban mai rubutu. "An haife ni tamanin da bakwai" ya isa a majalisar shayi. A takarda kuwa lamba huɗu ake so, don 24 tana iya zama 1924 ta kakan kaka ko 2024 ta ƙaramin yaro. A waya ma talatin da tamanin kan rikice in layi ba kyau, sai a bi da gomiya uku ko gomiya takwas a warware. Ku kuma bambance wa yara tambaya biyu da suke cakuɗawa: "shekararka nawa" da "wace shekara aka haife ka". Amsar ta farko tana ƙaruwa duk shekara, ta biyu ba ta motsi har abada. Hanya mai sauƙi ta fitar da ta farko daga ta biyu ita ce a yada zango a 2000. Wanda aka haifa a 1987, daga nan zuwa 2000 shekara 13, a ƙara 25 in ana 2025, ya zama 38.

8. A riƙa faɗin wace kalanda ake nufi. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, ta gaza ta Miladiyya da wajen kwana 11, shi ya sa shekara 33 ta Hijira take daidai da kusan 32 ta Miladiyya. Dattijo mai shekara 64 a katinsa, a lissafin wata yana da 66. Babu wanda ya yi ƙarya, ma'auni ne biyu. In kuna son juyawa, ku cire 622 daga shekarar Miladiyya, ku raba abin da ya rage gida 32, ku ƙara masa kashi ɗaya. 1960 a cire 622 saura 1338, kashi ɗaya cikin 32 wajen 42 ne, a haɗa ya ba da 1380, kuma ran 3 ga Agusta 1960 da Nijar ta sami ƴancin kai a cikin 1380 ta faɗo. Lissafin yakan kuskure da shekara ɗaya, domin shekarun biyu ba sa farawa tare. 2008 ma shekarun Hijira uku ta taɓa: wutsiyar 1428, 1429 ɗungurungum, da kan 1430. Saboda haka in abin na gado ne ko na takardar gona, a duba kalanda, kada a tsaya ga lissafin ka. In kuma kun ci karo da tsohuwar takardar ajami da shekararta ke ɓoye cikin haruffa, wato ramzi, ku kai wa malamin da ya san hisabi. A tsarin da malamanmu suka gada shinun dubu ce, ra ɗari biyu, fa tamanin, haruffa uku sun ba da 1280 ke nan.

9. A mayar da abin da tsofaffi suka riƙe zuwa lamba tun suna raye. Inna da Baba ba su rasa shekara ba, suna suka ba ta a maimakon lamba. Aikinku shi ne ku haɗa sunan da lambarsa. Yunwar Kakalaba 1913 zuwa 1914 ce. Yaƙin Biyafara 1967 zuwa 1970. Fitowar naira 1973. Babban fari 1973 zuwa 1974. El Buhari, lokacin da fari ya haɗu da rufe iyakar Najeriya, 1984 zuwa 1985. Karyewar darajar sefa Janairun 1994. Babbar annobar sanƙarau 1995 a Nijar, 1996 a Kano. Rasuwar Shugaba Baré Afrilun 1999. Yunwar da ta biyo fari da fara 2005. Husufin ranar da ya mai da hantsi dare a ƙasar Katsina da Damagaram, Laraba 29 ga Maris 2006. Ku ƙara na garinku: naɗin sarkin Kance ko na maigari, shekarar da aka haƙa rijiyar unguwa, shekarar da ruwa ya ci gidaje. Wajen tambaya kuma kada ku ce, "Kaka, wace shekara ce?" Ku ce, "Kaka, da aka yi El Buhari, Yaya Babba yana goye ne ko yana tafiya?" Daga goyo, yaye, famfara da kaciya ake ƙiyasta shekarun yaro, kuma uwa ba ta manta waɗannan. Da tsohuwar zuma ake magani.

10. Azumi, damina da sunan rana suna ƙara matse lissafi. Tun da watan azumi yana zagaya shekara cikin shekara 33, haɗa shi da yanayi yana nuna zamani. In an ce an haifi mutum da azumi ana tsakiyar damina, to ko dai wajen 1977 zuwa 1981 ne, ko 2010 zuwa 2013. In da azumi ne cikin sanyin hunturu, ko 1964 zuwa 1967, ko 1996 zuwa 2000. Fuskar mutum kaɗai za ta gaya muku wanne ne. Sunaye ma shaidu ne. Azumi, Sallau, Nomau da Anaruwa sun faɗi lokaci, Ladi, Talatu, Balarabe, Ɗanjuma da Asabe sun faɗi rana. In kun san an haifi Jummai kwana biyu bayan Babbar Salla, kuna kuma shakka tsakanin shekara biyu, ku buɗe kalandar waya ku koma baya, ku ga a wace shekarar ce wannan rana ta faɗo Juma'a. Ku bar sararin kwana ɗaya saboda bambancin ganin wata.

11. A koya wa kowa a gida karanta kwanan wata a jikin kaya da takarda. A Nijar da Najeriya rana ake fara rubutawa, sai wata, sai shekara: 03/08/1960 uku ga Agusta ce. Amurka wata take gabatarwa, wasu wayoyi da fom na intanet kuma tsarinta suke bi, sai uku ga Agusta ta koma takwas ga Maris. In kun ga lambar tsakiya ta wuce 12, kun san an juya. A kwalin magani, gwangwanin madara ko maganin feshin gona, lamba biyu ake yawan sawa: 03/27 na nufin watan Maris na 2027, ba 27 ga wata ba. EXP ranar lalacewa ce, MFG ko FAB ranar da aka yi shi. Wanda ya iya karatu ya karanta da ƙarfi da Hausa, "wannan ya ƙare a watan uku na dubu biyu da ashirin da bakwai", ya rubuta a jikin kwalin da manyan lambobi. Ɗan lakwal kuma a tuna masa ƙarni yana gaban lambarsa da ɗaya: jihadin Shehu na 1804 a ƙarni na 19 yake, mu kuma muna na 21.

12. Gida ya yi littafi, kowa ya tsaya kan shekara ɗaya. Ku sayi ƙaramin littafi mai kauri, kowane mutum da shafinsa: suna, ranar mako, kwanan wata na Miladiyya da na Hijira, shekarar a lamba da kuma a kalmomi, da abin da ya faru a gari a lokacin. Jariri a rubuta shi kafin ranar suna, a kuma kai maganar haihuwarsa ma'aikatar magajin gari ko wurin da aka haihu kafin wa'adin doka ya wuce, don in ya wuce sai an bi ta hannun alƙali. Iyayenmu da yawa takardunsu né vers suke ɗauke da shi, wato an haife shi wajen shekara kaza, da kwamfuta ta zo tana neman rana da wata sai aka bi su da 1 ga Janairu. Wanda nasa ya riga ya zama haka, ya riƙe shekarar da ke takardar haihuwarsa, ita zai faɗa a likita, a banki, a wurin fasfo da wurin rajistar layin waya, ko da lissafin Inna ya nuna ta kauce da shekara ɗaya. In kuskuren babba ne, a je a gyara shi a hukumance. Rage wa yaro shekara a wannan takarda a bar ta a waccan yana da daɗi ranar shiga aji, amma ranar jarrabawa, ɗaukar aiki ko tafiya Hajji takardun za su haɗu su ƙaryata juna. Kafin ku bar kowace taga, ku karɓi takardar ku karanta lambobi huɗun nan da idonku, ko ku sa a karanta muku.

Duk wannan ba ya bukatar allo ko kuɗin mushe. Bayan tuwon dare, uba ko yaya ya faɗi shekara da Hausa, wani ya juya ta Faransanci, wani ya rubuta a ƙasa, Kaka kuma ta faɗi abin da ya faru a cikinta. A gidanmu haka muka yi har damina ta wuce. Ranar da na sake gwada ɗan ƙanena da mille neuf cent quatre-vingt-quatre, ya yi shiru sai da na rufe baki, ya rubuta 1984 cikin ɗaki huɗu, ya juya ya ce, "Kaka, El Buhari ce." Ta ce, "Ita ce. A cikinta aka yaye ubanka." Muka buɗe littafi a shafin ƙanena, wanda takardarsa ke cewa né vers 1980, muka rubuta a gefe da fensir: 1982, in ji Inna.